Tuta Arba'in Ba Rubutu

Shagon Mai Tuta yana bayan babban zauren taro, tsakanin mai gyaran waya da mai buga katin biki. Ɗaki ɗaya ne, da keken ɗinki biyu, ɗayan ya shekara goma bai motsa ba. A jikin bango akwai kanta mai hawa huɗu, inda tutocin ƙasashen Musulmi suke kwance a ninke, kowace a kan 'yar'uwarta, cikin irin zaman lafiyar da zauren bai taɓa gani ba.

Da ɗinkin riguna ya fara. Ya bari ne saboda mai riga yakan dawo ya ce hannu ya matse shi, ƙasa kuwa ba ta dawowa da ƙorafi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana ɗinka tutoci. Bai taɓa sayen jarida ba, amma yakan riga masu sharhi sanin inda aka dosa. In ma'aikata ta aiko a yi tuta da yadi mai sheƙi, a sa mata geza, to ɗan'uwa ne zai kawo ziyara. In aka ce a yi ta da yadi mai araha, mai saurin kama wuta, to an gano ɗan'uwan yana ɗaure wa ta'addanci gindi. Tun da aka soma yaƙi da ta'addanci kekensa bai huta ba. Akwai ƙasar da ya yi wa iri biyun a wata ɗaya.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi. In tuta tana da sunan Allah, sai ya yi alwala kafin ya taɓa ta, kuma ko guntun zaren da ya yanke daga harafi ba ya bari ya faɗi ƙasa.

Mai kawo masa aikin ma'aikata ƙanin matarsa ne, jami'in tsare-tsare, wanda duk da furfurarsa Mai Tuta yake kira Auta. Wata Talata ya shigo da waya manne a kunne.

"Yaya, guda arba'in, na wuta. Na maƙwabtanmu na gabas. Jibi jama'a za su fusata."

"Da ƙarfe nawa za su fusata?"

"Goma. An riga an yi hayar motoci."

"Ba su muka yi wa geza watan jiya ba? Har shugabansu ya ja salla?"

"Wannan watan jiya ke nan."

"Auta, tutarsu da sunan Allah a tsakiya."

"Gwamnati ta sani. Ai ba sunan za a ƙona ba, manufofinsu za a ƙona."

"Ita wutar an yi mata wannan bayanin?"

Auta ya sauke wayar. "Yaya, shagon nan a filin zauren taro yake. Ni nake tare maka. In ka ƙi, ranar Litinin mai gyaran waya zai faɗaɗa. Yaushe zan iya haɗa ido da yayata?"

Mai Tuta ya yini yana juya almakashi bai yanka kome ba. Yana son shagonsa, ƙona sunan Allah kuma ba da kekensa ba. Bayan la'asar dabara ta zo masa: zai ɗinka tutar yadda take, kore da rawaya da ratsin fari, ya bar tsakiyar ba rubutu.

Matsala ɗaya ce, kuma ya san da ita. Ƙasar gabas da ƙasar da ke bayan teku a da ƙasa ɗaya ce. Da suka rabu, kowace ta riƙe launukan, rubutun nan kaɗai ya bambanta su. Ƙasar bayan teku kuwa ita ce babbar ƙawa, mai ba da jiragen yaƙi. Sai dai Mai Tuta mutum ne mai yarda da niyya, kuma tela ne. Ya ɗauki allin da yake yi wa yadi alama, ya rubuta "gabas" a kusurwar kowace tuta, don kada a samu ruɗani.

Jama'a sun fusata ƙarfe goma da minti ashirin, saboda mota ɗaya ta yi faci. Suna la'antar gabas da ƙarfin murya, suna cinna wa tutar bayan teku wuta, kyamarori suna ɗauka. Babu kyamarar da ta ɗauki alli. Kafin azahar jakadan babbar ƙawa ya nemi bayani, kafin la'asar an zo an tafi da Mai Tuta, igiyar awon yadi na rataye a wuyansa.

"Wa ya aiko ka?" in ji mai bincike.

"Ma'aikata, ranka ya daɗe."

Mai bincike ya juya wurin magatakarda. "Rubuta, ya ƙi ba da haɗin kai."

Ya ba su labarin allin. Suka ce ya kawo shaida. Ya ce shaidar ta ƙone a gaban kowa, ƙarfe goma da minti ashirin.

Kwana tara ya yi a tsare. A rana ta bakwai aka yi saɓani da babbar ƙawa a kan ƙasar da za a ajiye hedikwatar rundunar haɗin gwiwa. A ta takwas aka tuna cewa mutanen gabas 'yan'uwa ne na jini da addini. A ta tara kakakin gwamnati ya bayyana cewa talakawa, da basirar da Allah Ya ba su, sun riga kowa gane maƙiyi. Aka sallami Mai Tuta da takardar yabo, aka manta ba a mayar masa da awonsa ba.

Bai gama share ƙurar shago ba Auta ya iso.

"Yaya, barka da arziki. Guda arba'in, na gabas, da geza, za su zo taro a zauren nan. Da rubutun, don Allah."

"Zan yi. Amma aro zan ba ku."

"Gwamnati ba ta aro."

"To ta koya. Ni zan rataya, ni zan sauke."

Ya yi alwala, ya ɗinka sunan harafi bayan harafi, kwana shida. Ranar taro ya rataye su da hannunsa a jikin zauren, ya koma shago ya bar ƙofa a buɗe. Wajen ƙarfe biyu ya fito da tsani a kafaɗa, ya jingina a bango, ya soma kwance ta farko.

Auta ya fito a guje, katin taro yana lilo a ƙirjinsa. "Yaya, me kake yi? Ba a rufe taro ba! Ko addu'a ba a yi ba!"

"Tun daga shago nake jin muryoyinsu sun fara tashi," in ji Mai Tuta, yana ninke tutar a kan hannunsa. "Wani har ya buga tebur. Riƙe min tsanin nan, Auta, saura talatin da tara."