Murjanin Inna da Bakin Shu'aibu

Shekaruna saba'in da takwas a duniya, kuma bana shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar ƙanena Malam Shu'aibu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Keffi. Ban yi niyyar rubuta wani abu a kansa ba, sai da 'yata Hajara ta zo daga Abuja, ta ɗora mini waya a tafin hannu, ta ce in dubi abin da Baba Shu'aibu ya riƙa faɗa. Na duba, sai ga ƙarƙashin teku. Ga wani reshe ja wur, a jikinsa wasu fararen 'yan halittu kamar furen dalbejiya, kowace ta buɗe 'yan hannuwanta tana kamun abinci a ruwa. Na sa aka maimaita mini har wayar ta yi zafi. Lalle gani ya kori ji.

Shu'aibu bai taɓa ganin teku ba, amma ya san mazaunanta kamar maƙwabtansa. Shi ya fara gaya mini akwai wata halitta mai siffar laima, jikinta kusan duk ruwa ne, ba ƙashi, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, amma tana iyo, kuma harbinta yakan sa ƙato kuka. Akwai 'yar'uwarta da ke manne a dutse kamar fure, kifi ya matso ta harbe shi ta haɗiye. Ta ukunsu, in ji shi, ita ce mai gina murjani, wato wadda na gani a wayar Hajara. Su duka dangi ɗaya ne, baki guda gare su, ta nan abinci ke shiga, ta nan saura ke fita. A lokacin ina jinsa ne kamar mai tatsuniya.

Wannan ilimi ya taɓa ta da hankalin gidanmu. Mahaifiyarmu, Inna, tana da murjani na gado, wanda fatake suka kawo wa kakarta, ba ta cire shi ko a wajen salla. Wata rana muna cin tuwo a tsakar gida, Shu'aibu sabon fitowa daga kwaleji, ya dube ta ya ce, "Inna, kin san abin wuyanki ƙashin dabba ne? Wasu ƙananan halittu suka gina shi, suka mutu suka bari."

Inna ta ajiye loma. Ta ce, "Wa ya yanka su?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai ba su da wuyan yankawa."

Ta ce, "To mushe ke nan."

Ta kwance murjanin ta tura shi gefe. Mu muna tsammani wasa ne, ashe ita lissafi take yi: tun ranar da aka kawo ta gidan mahaifinmu take salla da ƙashin mushe a wuya. Daga ranar ta shiga rama salloli. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, in ta idar da ta lokaci sai ta tashi ta kama ta baya, ga kuka, ga ƙin abinci. Na kama Shu'aibu a zaure na ce ya je ya gaya mata dutse ne, magana ta mutu. Ya ce, "Yaya, in na yi mata ƙarya yau, gobe me zan gaya wa yara a aji?" Na ce masa baki shi ke yanka wuya. Ya ce matambayi kuma ba ya ɓata.

Shi ya matsa muka ɗauki Inna zuwa wajen wani dattijon malami a unguwar Liman Abaji. Malam ya juya murjanin a hannu, ya ce, "Kai ɗan boko, a ina abin nan yake zaune?"

"A teku, Allah gafarta Malam. In an fito da shi ma mutuwa yake yi."

Malam ya juya ga Inna ya shaida mata cewa abin da ke rayuwa a teku mai tsarki ne, da ransa ko ba ransa, ba ya bukatar wuƙa, sallolinta suna nan daram. Sa'an nan ya manta da mu, ya tsare Shu'aibu da tambaya: yaya suke ci, yaya suke haihuwa, da gaske ne danginsu kan gina tsibiri? Malami da ɗan boko suka haɗa kai a kan buzu ɗaya har aka kira la'asar.

Yau ina tambayar kaina, da yana raye me zai ce? Na tabbata da ya ga abin da na gani, sai ya bi gida-gida daga unguwar Yara har bakin kasuwa yana nuna wa mutane. Na kuma san ransa zai ɓaci in ya ji abin da Hajara ta gaya mini, cewa dangin nan masu gina tsibiri suna yin fari suna mutuwa saboda ruwan teku yana ƙara ɗumi. Da ya tara ɗalibai ya yi ta bayani har muryarsa ta dishe.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne halin da ya nuna ran nan: ya ƙi saya wa mahaifiyarsa kwanciyar rai da ƙarya, ya je ya nemo mata ita ta hanyar gaskiya. Da muka fito daga zauren Malam, Inna ta tsaya a bakin hanya, ta miƙa masa murjanin ta ce, "Ɗaura mini, kai da ka sa na kwance. In mun isa gida kuma ka ba ni labarin ta mai laimar nan, amma sai na gama cin tuwona." Ƙanwarmu Rakiya tana wurin, ita ta riƙe mata mayafi, tana nan da ranta a Yara, mai shakka ya je ya tambaye ta.