Hawa Ukun da Barista Mu'azu Ya Rasu Bai Sauke Ba

Yau shekara uku cif da muka kai yayana, Barista Mu'azu, makwancinsa a bayan birnin Alƙahira, cikin yashin da bai san ubanmu ba. Bara da bara waccan ban ce uffan ba. Wasu sun rubuta, na karanta: wai mutum ne mai fara'a, ba ya faɗa da kowa. Ba gaskiya ba ne. Yaya ya yi faɗa da mutane da yawa, kuma rabin masu yabon nan sun daina amsa sallamarsa kafin ya cika. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ban iya jera kalmomin ado ba, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bana zan faɗi abin da na sani, har da wanda bai yi mini daɗi ba.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara shida, amma ni na riga shi zuwa Masar. Karatun addini aka turo ni. Na yi shekara biyu ina faɗuwa jarrabawar nahawu, na ajiye littafi, kunya kuma ta hana ni komawa gida. Sai na zama simsar, wato dillalin gidajen haya. Ɗalibi ya sauka daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ni ake nema in samo masa wurin kwana a unguwar Hayyu Sabi' da kewaye. Shi kuwa Yaya tun a gida lauya ne, kuma ba irin shari'ar da ke sa mutum ya sayi babbar mota ya zaɓa ba. Rikicin fili, unguwar da wani ya gina kanti a kan magudanar ruwanta, majemar da ke zuba wa mutane ƙazanta a rafi, irin waɗannan ya sa gaba. Ya zo nan ne ya yi digiri na uku a kan dokar tsara birane. Baƙo ba ya tsayawa gaban alƙali a ƙasar nan, saboda haka ya raɓu da ofishin wata dattijuwar lauya a unguwar Mohandessin, Ustaza Magda. Shi ke bincike ya rubuta, ita ke sa hannu ta shiga kotu. Mutum ne da in ya ga takardar hukuma manne a bango sai ya karance ta har ƙasa, ko da motar da muke jira za ta tafi ta bar mu. Ta sha tafiya kuwa.

A shekarar 2011, lokacin da gari ya hargitse ido ya ɗauke daga kan komai, masu gidaje suka samu abin da suke so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wani Hag Fathi mai bene a wani lungu bayan Hayyu Sabi', izinin hawa biyar aka ba shi tun da daɗewa. Cikin 'yan watanni ya ɗora uku a kai, kowane hawa gida biyu. Siminti bai gama bushewa ba ya aiko a kira ni.

"Ya Sheikh Yusuf, kawo mini 'yan'uwanka masu karatun Alƙur'ani, su biya rabin abin da ake biya. Don Allah nake yi. Kai ma ka ɗauki ɗaya a can sama, ban son ko kwabonka. Amma su shigo cikin makon nan, yalla, maza."

Kwana huɗu na cika gida biyar da mutanenmu, uku daga cikinsu masu iyali ne. Na shidan, a hawa na takwas, ya zama nawa. Har addu'a aka yi mini a masallaci.

Yaya ya zo ganin wuri. Bai ko taka matakala ba. Ya shiga shagon da ke ƙasa, inda aka fafe wani ginshiƙi don a samu wurin ajiye firji, ya sa yatsansa cikin wata tsaga har ya ɓace zuwa gaɓa. Sannan ya ja ni gefe.

"Isuhu, ka san dalilin wannan araha? Ginin da babu kowa a ciki, hukuma na iya zuwa da safe ta sauke shi. Wanda ke da mutane kuwa sai an fitar da su tukuna, wannan kuma shekaru yake ci. Ba 'yan haya ya ɗauke ku ba, garkuwa ya yi da ku."

Na ce, "Haba Yaya, kai komai sai ka hango doka a ciki. A ƙasar nan akwai ginin da ya fi shekara dubu a tsaye."

Ya ce, "Akwai. Ba Hag Fathi ne ya gina shi ba."

Daga ranar bai sake hutawa ba. Tsofaffin mazauna hawan ƙasa, Misirawa ne, su ma tsoro ya hana su barci, sai dai ba su san ƙofar da za su buga ba. Ya tattara su, ya rubuta ƙara da sunansu, Ustaza Magda ta sa hannu. Injiniyan hukuma ya zo ya auna, ya rubuta cewa tushen ginin ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Aka fitar da umarnin rushe hawa ukun, abin da nan suke kira izala. Hag Fathi ya garzaya kotu a dakatar, kotu ta ƙi. A layi uku na faɗe shi, amma shekara ɗaya da rabi ya ci. Duk wanda ya taɓa bin takarda a birnin nan ya san abin da nake nufi: wannan taga ta tura ka waccan, waccan ta ce mai hatimin ya fita salla, ka dawo gobe. Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jakarsa mai yagaggen hannu, ga hawan jini yana fama da shi, kuma babu wanda ya biya shi ko na shayi.

Mafi wuyar duka mutanenmu ne. Umarnin ba ya aiki sai gidajen sun zama wayam, don haka ya riƙa bin su ƙofa ƙofa. Aka kira taro a kansa. Wani ya miƙe ya ce ya zo da boko zai raba bayin Allah da rufin asirinsu. Wani ya ce ai ajali ba ya wuce lokacinsa, ko a hawa na takwas kake ko a ƙasa. Yaya ya ce tawakkali daban, ganganci daban, kuma shi ba zai wanke gawar jaririn da ya san yadda za a yi ya rayu ba. Ranar na ga malamai masu gemu sun juya masa ƙeya. Ban miƙe na ce komai ba. Duk da haka ya ci gaba, da lallashi da naci, har da kansa ya riƙa neman musu wasu gidajen, aikin da ya kamata a ce ni na yi. A hankali gida biyar suka kwashe.

Saura ɗaya. Ni.

Yaya ya gaya mini ranar Laraba za a zo rushewa, na yi masa alkawarin Litinin zan fita. Hag Fathi ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Zauna abinka mako ɗaya kacal, ya Sheikh, waɗannan ba sa zuwa ranar da suka faɗa." Ba zan ce ya yaudare ni ba, na san abin da yake so da ni sarai. Amma shekara kusan ashirin na yi a Alƙahira ina raba ɗaki da mutum huɗu, mutum biyar, katifa kusa da katifa. Na sama wa ɗaruruwa wurin zama, ni ban taɓa riƙe mabuɗin da yake nawa ni kaɗai ba sai wannan. Da safe in buɗe taga in ga sama ba bangon wani ba. Na ce wa kaina bari in ƙara kwana biyu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka aka ce, kuma ni na murɗa shi da hannuna.

Laraba da hantsi suka zo: injiniya, jami'in 'yan sanda, da leburori ɗauke da guduma. Suka hau suna duba gidajen, duk babu kowa, har suka iso na takwas. Suka same ni da singileti, tufafina a shanye, ruwan shayi a kan wuta. Jami'in ya leƙa, ya ciro biro ya rubuta cewa akwai mai zama a ciki, ba za a iya aiki ba. Ba laifinsa ba ne, abin da ya gani ya rubuta. Leburorin suka saɓa gudumarsu suka sauka.

Yaya ya iso bayansu, ya hau hawa takwas ɗin nan da ƙafa, yana dafe da bango yana haki. Ya tsaya a ƙofa yana kallona. Na so ya zage ni. Na so ya mare ni kamar yadda ya yi muna yara ranar da na saki akuyar Inna ta shiga gonar mutane. Bai yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kashe wutar, Isuhu, ruwan ya tafasa." Ya juya ya fara sauka.

Washegari na kwashe kayana, amma an riga an yi ɓarin. Kafin mako ya zagayo Hag Fathi ya cika gidajen shida da wasu baƙin ta hannun wani dillali. Yaya ya koma farko, ya sake rubuta takardar neman wata rana. Bayan wata huɗu ya yanke jiki ya faɗi a ofis da azahar, kwana biyu a asibiti ya cika. Ba zan ce ni na kashe shi ba, rai na Allah ne, kuma ciwon ya daɗe a jikinsa. Amma aikin da ya fi ba wa ƙarfinsa a ƙarshen rayuwarsa ni na ɓata shi, saboda taga. A cikin wata huɗun nan kullum Juma'a sai ya kira ni cin abinci a gidansa, bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa tawa ta yi nauyi.

Ginin yana nan tsaye har yau. Wannan ne abin da masu surutu ke riƙewa. In mun haɗu a wurin shan shayi sai ka ji wani ya ce, "To ga shi dai bai faɗi ba, Allah ya jiƙan Barista, ya dai tsananta." Ni kuwa nakan shiga shagon ƙasan nan lokaci lokaci. Tsagar da a da yatsa ke shiga, yanzu tafin hannu take ci, an shafe ta da farin fenti an jingina kwalaye. Ba wai tsufa ya sa ginin ya ƙara ƙarfi ba. Jinkiri ne kawai ake yi masa, kuma babu wanda aka nuna wa takardar wa'adin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ana ta raɗe-raɗin za a kawo tsarin da mai laifin gini zai biya tara a halatta masa. Ana maganar gina sabon birni fil a cikin hamada, alhali tsohon yana tsagewa daga ƙasa. Ɗalibanmu kuma har gobe tambayarsu ɗaya ce in sun sauka: nawa ne? Babu mai tambayar hawa nawa aka ba da izini. A gida ma na ji labarin bai sake zane ba, ana gini a bakin rafi, damina ta zo a ce ƙaddara. Ina jin ba dogon jawabi zai yi ba. Zai ce tara ba ta ƙara wa ginshiƙi ƙarfe, sannan ya ɗauki jakarsa ya tafi bin layi. Shi bai iya yanke ƙauna ba. Ni na iya, shi ya sa bakina ke da ɗaci.

Me ya bari? Ba gida, ba fili, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan gidaje da filayen wasu. Digirin bai kammala ba. Matarsa da 'ya'yansa uku sun koma gida. Masu yabo sun yi nasu sun watse. Abin da ya rage shi ne umarnin nan na izala, wanda ya rubuta hujjojinsa da kyau har lauyoyin Hag Fathi suka kasa samun inda za su sa farce. Takarda ce, ba ta da ƙafa, amma ba ta mutu ba, kuma Ustaza Magda ta ƙi bari a rufe fayil ɗin. Allah ya kai haske kabarinka, Yaya, ya sa wahalar tagogin nan da ka sha ta zama maka inuwa, ya yafe wa ƙanenka abin da kai ka riga ka yafe.

Watan jiya Ustaza ta kira ni a waya. Ta ce an sake sa rana, kuma sharaɗin bai canza ba, dole a samu gidajen babu kowa. Ta ce, "Uku daga ciki mutanenku ne, ya Yusuf, ni kuma gwiwata ba ta hawa bene."

Ranar Juma'a bayan la'asar na hau. Na fara da hawa na takwas, ƙofar da na sani. Wani magidanci ya buɗe, ɗan wajen Zariya, da 'yarsa ƙarama a kafaɗa. Na yi bayani yadda na iya, ba yadda Yaya zai yi ba. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Malam, ba kai ne aka ce ka ƙi fita wancan karon ba?"

Na ce, "Ni ne. Shi ya sa na san abin da za a gaya maka, da abin da za ka gaya wa kanka."

Ya rufe ƙofa. Sauran biyun ma ba su ba ni fuska ba, ɗaya har ya ce in je in ji da kaina. Shekaranjiya da safe wayata ta yi ƙara, ɗan Zariyan ne. Ya ce matarsa ta sauka shagon ta matsar da kwalayen ta gani da idonta. Ya ce in samo musu wuri a ƙasa, ko ɗaki ɗaya ne.

Na samo. Gobe zan je da mota mu kwashe kayansu. Saura biyar.