Baba Ba-Shiga, Mai Tsaron Ruwan Biki

Kafin masunta su idar da sallar asuba su gangaro gaɓa, ƙaramin kwalekwalen Baba ya riga ya kai tsakiyar ruwa. Yakan bi turakun da aka kafa a bakin babban gurbi ɗaya bayan ɗaya, ya jijjiga kowanne ya ji ko ya saki, ya ɗaure jan tsumman da ya kwance. Daga turakun nan zuwa ciki, wata bakwai cur ba mai jefa koma ko ƙugiya. Ruwan biki ke nan. Ana barin kifi ya hayayyafa ya yi ƙiba, har ranar da gari zai faɗa ciki gaba ɗaya a yi su tare. Shekara talatin da ɗaya yana wannan zagaye, kuma duk wanda ya matso, amsarsa ɗaya ce: "Ba shiga." Da ita aka yi masa suna, har jikokinsa Baba Ba-Shiga suke ce masa.

Aikin ba albashi. Ranar biki kowane gida ya ba shi kifi guda, sauran shekara kuwa harara ce ladansa. Matarsa takan ce wa maƙwabta, "Ni dai na auri mai gadin kifi, ga ni ina cin miya lami." Sai ya yi murmushi ya ɗauki hularsa ya fice.

Bara waccan ne aka gwada shi. Kaya sun yi tashin gwauron zabi: zaren koma, fetur, hayar rumfuna da kujeru, lasifika, abincin baƙin da ke zuwa daga birni. Kwamitin biki ya zauna a wani ajin makarantar gari, dattawa sun takure a kan bencin yara, aka juya aka juya, kuɗi ba su kai ba. Shugaban kwamitin kuwa ƙanen Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum mai son a ga garinsu ya fita kunya. Shi ne ya kawo shawarar wani ɗan kasuwa mai motar ƙanƙara ta dakon kifi. A bar mutumin ya ja taru sau ɗaya tak a cikin gurbin, mako uku kafin biki, shi kuma zai ɗauki nauyin komai.

Baba ya saurara har aka gama, sannan ya ce, "To, in ya kwashe kifin, ranar biki me za a kama?"

"Haba Yaya," in ji ƙanen, "ai ba duka zai kwashe ba. So kake baƙi su zo su tsaya a rana?"

"Gara su tsaya a rana, da su zauna a inuwa suna kallon mutanenmu suna tsamo laka."

Aka yi dariya, amma da aka ce a ɗaga hannu, shi kaɗai ne bai ɗaga ba. Ba mugunta ce ta sa sauran suka yarda ba. Kawai an daɗe ana yi wa baƙi ado, har aka manta da waɗanda aka yi bikin dominsu: matar da mijinta ya rasu ya bar ta ba jirgi, da tsohon da komarsa ta ruɓe ya kasa sayen zare. Su wannan rana ce kaɗai suke kama kifin da za su ƙyafe su ci wata biyu.

Ranar da masu taru suka iso da hantsi, sun tarar Baba ya gitta kwalekwalensa a tsakanin manyan turaku biyu, ya ɗaure shi gaba da baya, ya zauna da butarsa. Mata masu wanki suka shaida abin. Ƙanen ya shiga ruwa har gwiwa yana roƙo, "Yaya, don girman Allah kada ka kunyata ni. Na riga na ba mutumin nan hannu."

Baba ya ce, "Ni ma na ba gari hannu tun ɗanka na fari yana goye. In taru zai shiga, sai dai ya fara da ni."

Kwana uku ana zuwa ana samunsa a nan, matarsa na miƙa masa abinci daga wani jirgi, ba ta ƙara maganar miya ba. A rana ta huɗu motar ƙanƙara ta juya wayam.

An yi bikin ba rumfa ba lasifika. Kowa ya fito da tabarmarsa, baƙi rabi suka zo, wasu suka koma suna ƙorafi. Amma kifi ya yi albarka, har yara suka gaji da ɗauka. Sai dai abin ya ci Baba, domin ƙanen ya sha surutu a wurin ɗan kasuwa da baƙi, ya ajiye shugabanci, ya kuma ɗauke ƙafa daga gidan yayansa. Shekara biyu gaisuwarsu ba ta wuce ta hanyar masallaci ba. Wannan ya dami Baba ƙwarai, ya kuma faɗa wa matarsa cewa ya fi kwana ukun nan zafi.

Kai ne, Baba, ka nuna mana cewa tsada tana iya cinye rumfa ta bar biki a tsaye. Gagara taru, dattijon da bai taɓa ɗanɗana abin da aka ba shi amana ba! Ka zaɓi ɓacin ran ɗan'uwa a kan yunwar marayu, kuma mun san ba da sauƙi ka zaɓa ba.

Bana yanar ido ta hana Baba hango turke daga nesa, ya ce a nemi wani. Aka sake taruwa a ajin nan, aka tambayi wa zai karɓa, kowa ya sunkuyar da kai, don ba mai son aikin da ladansa harara. Can sai ƙanen ya miƙe daga bencin baya. Ya ce, "Ku ba ni. Ni na san ƙofar da ake bi a sayar da ruwan nan, don haka na san inda zan tare." Ya je ya durƙusa gaban yayansa. Baba ya laluba ya kamo kafaɗarsa, sannan ya ce, "Turke na huɗu yana saki, ka fara da shi."

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske. Mu kuma da muka rage, kowa akwai ruwan da aka ba shi tsaro, a ofis ne, a kasuwa ne, ko a cikin gida. In ranar ta zo, Allah ya ba mu ƙarfin zuciyar da za mu zauna a bakinsa, ko da wanda ke roƙon mu matsa ɗan ɗakinmu ne.