Tsohon da Ke Shayar da Kaji

Wata malamar asibiti tana tsaye a layin masu kaji, ta riƙo kaji biyu ta ƙafa, kawunansu na reto. Sauri take yi, baƙi na jiranta a gida.

Mai yankan kuwa ba ruwansa da sauri. Tsoho ne siriri, gemunsa fari fat, yatsunsa duk tabon ruwan zafi. Da hannu biyu yake karɓar kajin, kamar an miƙo masa jariri. Yana kwance igiyar da ta ci ƙafafunsu, yana tsoma bakin kowacce a gwangwanin ruwa. Suna ta sha ba ɗagawa. Sai yanzu ta tuna tun safe suke kulle a bayan motarta, cikin rana. Ita da ke yi wa masu jinya faɗa kullum kan ba majinyaci ruwa!

"Baba, ai yanka su za ka yi," ta ce a hankali.

"Shi ya sa, 'yata. Kada su tafi da ƙishirwa."

Yana juya wa sauran kajin baya, don kada su gani, kafin ya ɗauko wuƙa. Ga kwanon abincinsa a gefe, wake da ganye, ko ƙashi babu. Wataƙila wuƙar nan ce ta raini 'ya'yansa kaf.

"Kai ba ka cin nama ne, Baba?"

Da ya gama gyara kajin, sai ya miƙo mata ledar naman, da sauran ɗuminta.

"Ku ci lafiya, 'yata. Ni na riga na ga idonsu."