Jan Tawadar Goggo

Goggona, yayar babana, shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a gidan nazarin taurari, amma ba ta taɓa kafa ido a bakin madubin hangen nesa ba. Nata aikin na rana ne, a wani ɗakin ƙasa mai warin tsohuwar takarda. Masu duba sama sukan ɗauki hoto a kan allunan gilashi, da safe a sauko mata da su, ta ɗora a tebur mai fitila daga ƙarƙashi, ta bi ɗigo-ɗigo tana aunawa. Duk abin da ta gani sai ta zagaye shi da jan tawada a bayan gilashin, ta sa kwanan wata da harafin farko na sunanta. Babana yakan tsokane ta, wai ita kaɗai ya sani da aka ɗauka aikin ƙirga ƙura.

Yawancin shekarun a kan abu guda ta ƙarar da su, wani dunƙulen taurari mai siffar ƙwai, can cikin gungun irinsa ɗaruruwa. A gilashi bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ba shi da suna sai lamba, ita kuwa "ƙwaina" take ce masa.

A shekararta ta tara ta hangi wani siririn zaren haske ya fito daga gefen ƙwan. Ta zagaye shi, ta hau bene ta nuna wa farfesan da ke shugabantar gidan. Ko kujera bai nuna mata ba. Ya ce karcewa ce, wataƙila ma zobenta ne ya karce gilashin. Daga ranar ta daina sa zobe.

Bayan shekara ashirin wasu masana masu sabon madubi suka ga zaren, aka buga, aka yi ta yaba musu. Goggo ba ta ce uffan ba, kuma har yau shirun nan yana ba ni haushi. Burinta ɗaya ne tak: wata rana wani ya zaro allon nan mai lamba 614, ya ga da'irarta da kwanan watan, ya san ta riga kowa gani.

Tana da shekara huɗu da ritaya aka aiko mata. Za a kwashe hotunan a zuba cikin kwamfuta, injin kuma ba ya son tawada, sai an goge bayan kowane gilashi tas. Wa ya fi ta iya riƙe su? Ta karɓa da murna, don ta ƙudurta in ta iso 614 za ta ware shi, ta kai wa sabon shugaba da hannunta.

Abin da ta ɓoye wa kowa, har mu 'yan gida, shi ne idon ya tafi. Fitilar teburin nan ta cinye shi. Lambar da ke jikin ambulan ɗin kowane allo ba ta karantuwa gare ta, don haka da ƙirge take bi tun daga na ɗaya, tunda ita ta jera su a kabad. Ba ta san bayan tafiyarta alluna uku sun fashe an zubar ba.

Ranar da ƙirgenta ya cika, ni na raka ta ofishin shugaba. Ta ɗauko mayafinta na fita unguwa, tana rungume da ambulan a ƙirji. Mutumin ya saurare ta da ladabi, ya ɗaga gilashin wajen taga, ya juya shi.

"Mama, ai wannan 617 ne," in ji shi.

Ya buɗe hoton 614 da aka zuba ɗazu a kwamfuta, ga zaren nan fes. Ya daɗe yana kallo, ya ce lallai tun wancan lokacin abin yana nan, abin mamaki ne a ce babu wanda ya lura. Na ji kamar in shaƙe shi, alhali bawan Allah bai yi laifin komai ba.

Aka aika aka ɗauko allon 614 daga cikin waɗanda ta wanke da safen nan. Goggo ta karɓe shi ta gefe-gefe yadda ta saba, ta kawo shi dab da fuskarta, sannan ta miƙo mini.

"Duba mini, 'yata. Ko ɗigon ja ɗaya ya saura?"

Na duba gaba, na duba baya, har a hasken taga na ɗaga shi. Goggo ba ta taɓa yin aiki rabi da rabi ba.