Kanwar Bazaga

Mura da tsakiyar bazara, a ƙasar Ƙonni, abin dariya ne ga wanda ba ta kama ba. Ni a motar furoje, wato aikin masu ba da tallafi, na samo tawa. An ɗauke mu mu biyu mu zaga ƙauyuka muna koya wa mata sana'a: ni girkin wake, abokiyar tafiyata kuma, wadda ta girme ni nake ce mata Yaya, saƙar faifai da tabarma. Shugaban tafiyar, wani ɗan buro, ma'aikacin ofis mai son sanyi, ya ƙure na'urar sanyin mota tun daga tasha. Na roƙe shi a rage, ya ce zufa na ɓata masa riga. Kafin mu isa Bazaga hancina ya toshe, harshena ya mutu.

Wanda bai san ɗan wake ba zai ce to sai me. Kanwa ce ran ɗan wake, kuma ba a auna ta da cokali, don wata ta fi wata ƙarfi. Jiƙa ta ake yi, a ɗiga ruwan a harshe, harshe ya faɗi iyakarta. Da wannan harshen na yi suna, da shi nake ciyar da gidana. Na ce wa shugaban a ɗaga kwana har in warke. Ya miƙo mini ƙwayoyi a leda, ya ce masu ba da kuɗi ba su san mura ba.

Sai na ja Yaya gefe na ce ta zama harshena. Kanwar ma ba tawa ba ce, 'yan furoje suka sayo. Na jiƙa, na ba ta, ta ɗanɗana ta ce ba laifi. Na kwaɓa gari a gaban mata, na nuna musu yawan ruwan kanwar da na zuba, na jefa a tukunya, na tsame, na zuba mai da yaji. Suka ci shiru.

Shirun ya dame ni. Ni na saba in na yi girki sai wani ya yi santi, ya kama surutu da loma a baki har a yi masa dariya. Ranar ko tari babu. Na tambaya, suka ce madalla Malama, Allah shi amfana. Na dubi Yaya, ta sunkuyar da kai tana tsaga kabarta.

A hanyar Malbaza zazzaɓi ya rufe ni, ban san yadda muka wuce ba. A Tajaye ban iya tashi ba, Yaya ta yi darasinta ita kaɗai. Matar da ta sauke mu ta dafa mini citta da kanumfari da tsamiya, ta lulluɓe ni da zane na yi sirace har na jiƙe. Yaya kuwa, in faɗi gaskiya, ita ta riƙa kai mini ruwa tana shafa mini mai a ƙirji. Wannan ma yana cikin abin da daga baya ya ƙara mini haushi.

A Illela, ranar kasuwa, na ji warin daddawa daga nesa, na san na dawo. Na jiƙa kanwar nan daidai yadda na yi a Bazaga, na ɗiga a harshe. Sai da na tofar. Ɗaci da zafi, kamar na lashi toka. Na je na tsaya kan Yaya na tambaye ta ko ta ji abin da na ji.

"Na jiya," in ji ta. "To mi za ni ce miki? Kina hwama da ciwo, in ƙara miki da kunya gaban mutane?"

Na ce mata gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kara ta yi mini, wai. Karar da ta bar mata da yawa suka tafi gida da gurguwar sana'a, da sunana a kanta! Shugaban kuma da na ce a koma, cewa ya yi hotuna sun yi kyau, an gama da Bazaga.

Na bar musu motarsu da sanyinta. Na shiga ta haya zuwa Ƙonni, daga nan na nemi hanya, ƙarshenta a amalanken jaki na shiga Bazaga. Wata daga cikin matan ta riga ta gwada sayarwa a bakin lakwal, makarantar boko, yara sun gudu, awaki ta zuba wa. Ita ma ba ta so faɗa mini ba, sai da na matsa.

Na sake tara su, na sake girki, kowace na sa ta ɗanɗana ruwan kanwa da harshenta. Muna cikin ci wata tsohuwa ta fara ba da labarin jakinta da loma a baki, aka kwashe da dariya ana ce mata santi. Na ji sanyi a raina, amma bai kai ko'ina ba, don a lokacin wata yarinya ta leƙo ta katanga tana kiran uwarta, wai ta zo ta ga miya, kanwa ta yi yawa, ta zama irin ta Malama.

Har yau haka suke cewa a Bazaga.