Irmtraud Pagels, Mai Tsaron Cocin Garzenow

Kafin motar burodi ta shigo Garzenow, Frau Irmtraud Pagels, wato Uwargida Pagels, takan riga ta ratsa maƙabarta da tsintsiya a hannu. Sai ta buɗe ƙaramar ƙofar cocin ta kudu, wadda ba a shiga sai an sunkuya, ta share kashin jemagu daga kan benci, ta zubar da bokitan da ta tara wa yoyo. Da yamma ta ja igiyar ƙararrawa. Haka muka taso muka gan ta, haka 'ya'yanmu suka gan ta, har watan jiya da aka ce ta je ta huta, tana da shekara tamanin da ɗaya.

Cocin namu ƙarami ne. Duwatsun gona kakanni suka tsinto wajen shekara ɗari bakwai da suka wuce, suka sassaƙa su suka jera, bangon ya fi gado faɗi. Tagogin gabas uku ne sirara. Hasumiyar katako daga baya aka yi ta, bayan sojoji sun ƙone ta farko a wani tsohon yaƙi. Yaƙi bai gama da shi ba, amma taki ya kusa.

Zamanin gwamnatin gurguzu ta Gabas ne, lokacin da ƙasarmu ke rabe biyu. Rufin ya fara zubewa, fasto sai wata-wata yake leƙowa. Shugaban gonar haɗin gwiwa, Kröplin, ya ce ginin ya dace da ajiye takin zamani. Tsoho Wilfried Buck, wanda ya tuƙo taraktar da ta ɗauko takin a ranar, yana nan da rai, shi ya ba ni labari. Ya ce sun tarar da ita zaune a bakin ƙofa tana feren dankali.

Kröplin ya ce, "Frau Pagels, kauce. Wa ke zuwa nan? Daga ke sai tsofaffi sai jemagu."

Ta ce, "To jemagun ma ba su ce a kawo musu taki ba."

"Kina da ɗa a makaranta. Ki tuna."

"Ina tune. A kwamin dutsen can aka yi masa baftisma. Kai ma a can aka yi maka, an ce har kan titi aka ji ihunka."

Wilfried ya tuntsire da dariya, ya juya tarakta. Kröplin bai yi dariya ba.

Ɗanta Burkhard shi ne na ɗaya a ajinsu, burinsa ya zama likitan dabbobi. Da lokacin wucewa babbar makaranta ya yi, aka ce babu gurbi. Kowa ya san dalili, garin ya yi shiru. Aka tura shi tatsar shanu, a gonar Kröplin ɗin. Ranar da aka buɗe iyakar da ta raba Gabas da Yamma ya ɗaure kayansa, maƙwabta suna ji ya ce mata a bakin shinge, "Mama, duwatsu kika zaɓa." Ya tafi yamma. Sai a Kirsimeti yake bugo waya, ita ma gajeruwa.

Ke ce kika biya wannan, Irmtraud, ke kaɗai. Ke ce kika hau tsani da tamfol bayan mijinki Ewald ya rasu, iska na neman jefo ki. Ke ce kika ci gaba da kaɗa ƙararrawa lokacin da aka rufe makaranta, aka rufe kanti, matasa suka watse, masu jin ta suka koma yawanci waɗanda ke kwance a maƙabarta. Ginshiƙin Garzenow, ba ki taɓa neman a ce sannu ba, mu kuwa muka ji daɗin hakan.

Wata rana tana goge bangon arewa, farar ƙasa ta ɓare, sai ga ido yana kallonta. Hoton wani ƙaton waliyyi ne ɗauke da jariri a kafaɗa yana tsallaka ruwa, tsohon zane da aka shafe tun da daɗewa. Da takin nan ya shiga, da gishirinsa ya cinye shi. Daga nan cocin ya yi farin jini. Masana suka zo, aka gyara rufi, aka sa wa ƙararrawa injin da ke kaɗa ta da kansa, aka sa wa ƙofa makullin lamba don masu yawon buɗe ido. Aiki ya ƙare, buƙatarta ma ta ƙare.

Ranar bikin buɗewa, magajin gari Maik Kröplin, jikan wancan, ya tsaya gaban bagadi ya ce, "Iyalan wannan gari ne suka riƙe ginin nan a lokacin wuya." Aka yi tafi. Wilfried ya tashi ya fita yana cewa, "Iyalan wa? Ni na tuƙo takin!" Ita tana can ɗakin girki tana yanka wa baƙi kek. Bayan an watse aka miƙa mata furanni ta ƙofar baya, magajin garin ma sai da ya kuskure sunanta.

Na je gidanta shekaranjiya. Ta zuba mini gahawa. Na tambaye ta ko da za a maimaita, za ta sake zama a bakin ƙofar nan.

Ta ce, "Zan zauna. Amma da na fara tambayar yaron. Ban tambaye shi ba. Makomarsa ce na bayar, ba tawa ba."

Mun gode, Irmtraud, ko da yake godiyar ta zo a makare, kuma ba za ta mai da Burkhard likita ba. Ku da kuke da irin wannan gini a ƙauyukanku, ku yi koyi da ita, ku tsare abin da aka bar muku. In kuma ba za ku iya ba, to ranar da wani ya zauna a bakin ƙofa dominku, kada ku leƙa ta taga. Ku fito ku zauna kusa da shi.